Ku da Kuka Raɗa wa Namiji Mace: Amsa Daga Zangon Kumasi

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Saƙonka ya iso. Tambayoyi uku ka jero mini kamar mai ɗaukar ma'aikaci. Wai mu 'yan zangon Kumasi mun san finafinan Indiya na da? Wai in an sa Ibro muna gane abin dariyar, ko sai an yi mana fassara? Sai ta ukun da ka lulluɓe da "ba don komai ba", wai yaranmu da Asante suka haifa mana, su ma Hausawa ake ce musu? Kafin in ce komai, ka sani kakana Bazazzagi ne. Ayarin goro ya biyo, ya bi ta Salaga, ya sauka Kumasi bai sake komawa ba. Kai kuma Bakano ne. Ka san abin da ke tsakaninmu tun kaka da kakanni, don haka duk abin da na gaya maka ka kora da ruwan sanyi.

Da ka taɓa zuwa Aboabo ranar Lahadi bayan la'asar, da ba ka yi tambayar farko ba. Akwai rumfar wani tela da muke zama, mu bakwai ko takwas, autanmu ya haura hamsin, ana dafa shayin da mu a nan ataya muke ce masa. Gardamar da ake yi a rumfar nan ta girmi wasu masu 'ya'ya: tsakanin Amitabh Bachchan da Dharmendra wa ya fi? Telan na Dharmendra ne, kuma hujjarsa ba ta canza ba tun muna samari. A Sholay na 1975 su biyu suka fita wa ɗan fashin nan Gabbar, to wa ya dawo da ransa har ya tafi da yarinya? Abokin karawarsa wani tsohon direban babbar mota ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin Kumasi da Bawku. Shi kuma ya ce ai hujjar tasa ke nan aka ɗauka. Dogon, wato Amitabh, ya san kwabon nan da yake jefawa fuska ɗaya gare shi gaba da baya, da saninsa ya tsaya a bakin gada ya tare harsashi don abokinsa ya tsira. "Naka fa me ya yi? Ya sha ya yi tatul, ya hau tankin ruwa yana ihu a ba shi mata." Sai tela ya ajiye almakashi ya ce, "To an ba shi ko ba a ba shi ba? A fim an ba shi, a waje ma an ba shi." Auren Dharmendra da Hema Malini, yarinyar fim ɗin, a 1980 yake nufi, alhali uwargida tana ɗakinta. Wai mutumin da ya iya ajiye mata biyu ai namu ne, rawani kawai ya rage a naɗa masa.

In direba ya ga za a ci shi sai ya jawo Coolie na 1983. A can Amitabh ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa, Musulmi, Iƙbal sunansa, da lamba 786 a damtse da shaho a kafaɗa. Kai wataƙila fim ne kawai a wurinka. Mu kuwa da yawa daga cikin iyayenmu da dako suka fara a kasuwar garin nan, har kalmar da duk Ghana ke kiran mata 'yan dako da ita, kayayo, daga "kaya" ɗinmu ta fito. A wajen ɗaukar fim ɗin ne a 1982 Amitabh ya ji ciwon da ya kusa kai shi lahira, shi ya sa in an zo daidai wurin ake tsayar da hoton a yi rubutu a kai. Direba ya rantse da ya ji labarin har sadakar ƙosai ya yi. Tela ya ce gaskiya ne, yana wurin, kuma rabin ƙosan a cikin mai sadakar ya ƙare.

Na ji ku a Kano Sarkin Jarumai kuke ce wa Dharmendra, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Waɗannan sunaye sun zauna daram, ba ni da ja. Amma Rishi Kapoor da kuka raɗa wa Mace fa? A nan nake so ka ɗan tsaya, don akwai tsohon bashi tsakaninmu. Duk yaronmu da ya je Kano, da ya buɗe baki ya ce "uwata ya zo" sai kasuwa ta kaure da dariya. Ba na musu. Hausarmu ta titi ta jefar da "ta", kowa "ya" ne, "kyau" ya koma "cau", ƙ da k kuma ba mai tsayawa ya tantance su. Abin da ba ku tambaya shi ne me ya jawo haka. A zango Hausa ba ta Bahaushe ce shi kaɗai ba. Da ita Mosi ke ciniki da Dagomba, da ita Bazabarme ke neman auren 'yar Wangara, da ita Kotokoli ke faɗa da mai gidan haya. Twi ɗin da ke kewaye da mu shi ma ba ya raba namiji da mace in ana maganar mutum. Harshen da ya ɗauki wannan kaya duka a ka, dole wani abu ya zube a hanya. To mu namu tuntuɓen baki ne. Ku fa? Kun kalli ɗan Raj Kapoor na cikinsa, magidanci mai mata da 'ya'ya, don kawai ya sa rigar sanyi mai launi yana karairaya a cikin furanni, kuka haɗa baki gari guda kuka ce Mace. Da gangan. Sannan ku ne za ku koya mana bambanta jinsi.

Kar ka dubi rubutun nan ka ce ai ga shi ni na iya. Na iya ne don Baba, Allah ya ji ƙansa, ba ya ɗaga ƙafa a kan wannan. In ka ce "Inna ya kira ni" sai ya tambaye ka yaushe Inna ta fito da gemu. Kuma kullum da asuba rediyonsa na kan sashen Hausa na BBC. A titi kuwa yadda kowa ke yi haka nake yi, kuma ba na jin kunya.

Baban nan nawa shi ne ya fara sa ni a hanyar silima, ko da yake da kansa ba zai taɓa yarda ba. A zamaninsu akwai Roxy, akwai Rivoli, akwai Odeon, mutanen Nima a Ankara kuma suna da Dunia. Indiyawa 'yan kasuwa da Kwarori ne ke kawo finafinan, kamar dai yadda aka yi a wajenku. Shi na Albela ne, na 1951, mai ɗan gajeren nan Bhagwan. Har ya bar duniya yana cewa duk rawar da Amitabh ke yi ta Bhagwan ce ya sata ya ƙara mata tsawo. Ba wanda ke jin Indiyanci, sai 'yan kalmomin da muka yi tarayya da su ta hanyar Larabci. In jarumi ya ɗaga kai sama ya ce "duniya", sai ka ji ɗaki ya amsa "Allah sarki", ko ba a san me duniyar ta yi masa ba. Sauran kuma aikin Baffana ne, ƙanen Baba. Shi yakan kalli fim sau biyar, a na shida ya zauna a tsakiya yana yi wa na kusa da shi fassara. Matsalar ita ce fassarar tana bin yanayin da ya tashi. In ya yi ciniki ranar, uban yarinya mutumin kirki ne da ba a fahimta ba. In sun yi faɗa da surukinsa kuwa, tsohon nan na fim sai ya sha zagin da marubucin bai taɓa mafarkinsa ba.

Yanzu ga inda za ka ɗaga gira, na sani. Iyayenmu mata sun je silima. Na san a Kano abin ba haka yake ba, macen da ake ganin mutuncinta ba ta doshi ƙofar, kuma bayan gobarar El Duniya ta 1951 da ta ci ɗaruruwan rayuka mutane da yawa sun ɗauki abin ishara. To mu a nan fim ɗin Indiya shi ne ake ganin mai kunya. Na Turawa ne ake hana yara, saboda sumbace-sumbace. Inna da Gwaggo da matan gidanmu sukan tafi a ayari, kowa da mayafinta, da goyo, da mu 'yan rakiya, su cika layi guda. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce wa Baba an ga iyalinsa a wurin banza. In wannan ya rage mana Hausanci a idonka, to sai dai ya rage, amma matan nan ba wadda sallah ta taɓa wuce ta saboda fim.

Mother India na 1957 kuwa, Gwaggo ta gan shi ya fi a ƙirga, kuma kowane gani da sabon kuka. Wurin da Nargis ta ɗauki bindiga ta harbe ɗanta na cikinta don ya sace 'yar mutane, nan ne Gwaggo ta samo makamin tarbiyya. In ɗayanmu ya fara taurin kai sai ta ce, "Ci gaba, ka dai ga abin da matar nan ta yi wa nata." Ranar da wani ya gaya mata cewa Sunil Dutt, wanda ya fito a ɗan, ya auri Nargis a 1958, sai ta saki muciya ta yi salati. "Uwar tasa?" Aka yi aka yi a nuna mata wasa ne, ta ce ita da idonta ta ga matar ta goya shi. Da aka ƙara mata da cewa ɗan da suka haifa shi ne kuke kira Ɗan Daba Mai Lasin, sai ta gyaɗa kai ta ce ai ruwa ba ya tsami banza.

Baffa bai daɗe yana fassara ba. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, gidanmu ya rabu biyu. Baba ya tsaya, Baffa ya hau mota da iyalinsa zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba, ya ƙare a Fagge. Wasiƙunsa na ajami suna nan a akwatin Baba. Bai cika kuka da talauci ba. Kukansa biyu ne: ana ce masa ɗan Gana ana kwaikwayon maganarsa, kuma ba dama ya ɗauki matarsa su je kallo. Mutumin da aka kora daga nan don shi ɗan Najeriya ne. Da aka zo 1983 gwamnatin Shagari ta yi nata koran, har jakar nan mai layi-layi ta samu sunan da kuka sani, Ghana Must Go, sai da wasu daga cikin 'ya'yansa suka riƙa ɓoye inda aka haife su. Ba na faɗa don in sa ka jin nauyi ba, kai ba ka kori kowa ba. Amma in ka ji ɗan zango ya ɗan harzuƙa a kan tambayar "ku Hausawa ne kuwa", ka san ba a kanka aka fara ba.

To mu zo kan "ba don komai ba" ɗinka. Matata Asante ce, mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa, daga wani ƙauye ta wajen Mampong. Ta musulunta tun kafin a yi maganar aure, ba wanda ya sa mata wuƙa. Ka san wa ya fara cewa ba za a yi ba? Gwaggo. Matar da ta yi shekara ashirin tana jiƙa mayafi da hawaye don an hana wata Ba'indiya auren wanda take so. Na je na durƙusa na ce, "Gwaggo, yau ke ce tsohon nan na fim, mai sanda da babban bene." Ta jefe ni da takalmi. Bayan kwana uku ta aiko a tambayi launin atamfar da yarinyar ke so. Da ciwon ajali ya kama ta, matar nan da ta ƙi ita ce kaɗai take yarda ta yi mata wanka.

Yaran kuma ga yadda lissafin yake. Asante ta wajen uwa suke ƙirga dangi, mu ta wajen uba. Saboda haka 'ya'yana a can 'yan gida ne cikakku, a nan ma 'yan gida ne cikakku, ba rabi da rabi ba. Na farin ranar Asabar aka haife shi. Kakarsa ta wajen uwa tana kiransa Kwame, Inna tana kiransa Ɗan Asabe, aka ɗauki lokaci kowace tana ganin ɗayar na yi mata kutse, kafin a gano magana ɗaya suke faɗa. Inda zan yarda muna da laifi shi ne muna karɓa ba ma son bayarwa. Ɗan zango ya auro 'yar Asante, a yi shagali. Amma Ba'asante ko ya musulunta ya iya alwala fiye da limami, in ya nemi 'yarmu sai an yi ta kai da kawo. Surukata, wadda har gobe cocinta take zuwa kuma ba ta taɓa fashin aiko mana da doya ranar sallah ba, ta sha goranta mini wannan. Fim ɗin da ta fi so shi ne Amar Akbar Anthony na 1977, na 'yan'uwa uku da suka ɓace, ɗaya ya tashi a hannun Hindu, ɗaya Musulmi, ɗaya Kirista. Akwai inda su ukun suka kwanta a asibiti ana jan jininsu lokaci guda yana tafiya jikin wata makauniya, ba su san uwarsu ba ce. Likitoci su yi haƙuri, mu dai mun yi kuka. Kuma ka lura, Musulmin cikinsu, Akbar, shi ne Macen naku.

Zuwa lokacin da yaran suka taso silima ta riga ta mutu. Dokar hana fitar dare da ta biyo bayan juyin mulkin Rawlings na ƙarshen 1981 ta kashe kallon dare, bidiyo ya zo ya ƙarasa, da hotunan talla da ake zanawa da hannu a kan buhun fulawa, inda za ka ga an ƙara wa jarumi damtse uku da ba shi da su. Da yawan gidajen silimar coci suka koma. Su yaran talabijin suka sani da katun. 'Ya'yan Baffa in sun zo hutu sai su yi ta cika baki da Voltron, namu su ce su suna da Captain Planet, wanda yaron Afirka na cikinsa ma Kwame ne sunansa. Ɗana ya yi shekara guda yana yawo da zoben roba yana nuna wa ƙasa, yana jiran ta tsage. Baba kuwa Tom da Jerry ne kaɗai yake zama ya gani, kuma shi kaɗai ne a gidan ke bayan kyanwa. Ya ce bawan Allah yana aikin da aka ajiye shi dominsa, ɓarawo yana shigowa yana cin abincin mutane, an kuma koya wa yara su yi wa ɓarawon tafi. Matata ta ce ai Jerry Ananse ne ya sa rigar ɓera. Na ce Gizo dai. Ta ce Gizon ma a wurinsu muka ara, tunda duka biyun gizo-gizo ne masu wayon tsiya. Ni kuma na ce a cikin huhun goro ya ɓuya ya zo musu. Shekara talatin ke nan ba a yanke hukunci ba.

Saura Ibro. Haba ɗan'uwa. Tun ana kaset ake kawo mana shi, ya zaga gida goma kafin ya koma hannun mai shi, in ya koma. Gaskiya akwai zaurancen 'yan Kano da ke wuce yaranmu, su juyo su tambaye mu, wani lokaci mu ma mu yi irin ta Baffa mu ƙirƙira. Amma mutum ya zaro ido ya ja wando sama ya faɗi ƙarya da ƙarfin hali, wannan ba ya bukatar tafinta. Abin da muka fi ku shi ne mu bakin biyu muke dariya, don muna da Agya Koo na finafinan Kumasi, kuma a rumfar tela har yau ana gardamar wanda zai fara sa ɗan'uwansa dariya da an kulle su a ɗaki ɗaya. Da labarin rasuwar Ibron, Rabilu Musa, ya iso a Disambar 2014, tela bai taɓa keke ba ranar, aka yi masa addu'a a rumfar kamar maƙwabci. Bayan nan da shekara guda aka fara sa Kumkum Bhagya da Twi a tashar Adom, matata ta samu abin da ta daɗe tana jira, Indiyawa suna magana da harshen uwarta. Na ce mata ai ku Kanawa ma kuna da Indiya-Hausa a can. 'Yan rumfa dai duka biyun ba sa kallo. Direba ya ce fim ɗin da ka ji duk abin da aka faɗa a cikinsa, me ya rage ka yi gardama a kai?

Na karanta musu saƙonka ranar Lahadin da ta wuce. An yi maka uzuri a kan tambaya ta biyu da ta uku, an ce Bakano ne, ba laifinsa ba ne. Ta farko ce ta ɓata wa tela rai. Ya ce in ka tashi zuwa akwai kujera, amma ka faɗi ɓangarenka tun daga tasha, na dogo ne kai ko na Sarkin Jarumai. Direba ya ƙara da cewa in ka kuskura ka ce Shah Rukh Khan, tabarma za a shimfiɗa maka a waje tare da yara, kuma kai za ka wanke kofunan ataya.